Wayar da Ba a Raɗa wa Suna Ba

A layin da take zaune babu mai kiranta da sunanta na yanka. Tafireta ake ce mata, tun daga tsofaffi har yaran da ba su taɓa ganin tafireta da idonsu ba. Sunan ya bi ta tun tana budurwa, lokacin da take zama a wata 'yar rumfa a bakin gidan waya tana buga wa mutane takardun neman aiki da na koke. Masu tsokana kuwa sun ce ba aikin ne ya jawo mata ba, bakinta ne: idan ta fara magana ba ta tsayawa sai ta kai ƙarshen layi, ta buga ƙararrawa, ta dawo farko. Ita dai ko a jikinta. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, da tabarau rataye a wuya, wadda ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce, ko da kalandar gidan wani ce.

Mahaifinsu ya rasu tana ajin ƙarshe a sakandare, ya bar Inna da 'ya'ya reras, na ƙarshensu ko yaye shi ba a yi ba. Ita ce babba, Inna kuma ta daɗe tana jinya bayan rasuwar, don haka ita ta ajiye littafi ta ɗauki tafireta. Sauran ƙannen sun girma kowa ya kama gabansa, amma wannan na ƙarshen a bayanta ya tashi, a ƙarƙashin teburinta ya koyi rarrafe. Da yatsunta ta kai shi firamare, da su ta kai shi jami'a, inda ya karanci kwamfuta. Bai ba ta kunya ba. Ya fito ya buɗe cibiya a saman wani bene, bisa shagon waya da kantin magani, yana koyar da yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna da yadda ake kula da su. Daga baya ma wani kamfani na ƙasar waje ya amince a riƙa rubuta jarrabawarsa a wurin, wadda duk wanda ya ci ake ba shi satifiket ɗin da ma'aikatu ke nema ruwa a jallo.

Kowa Injiniya yake ce masa: ɗalibansa, maigadin benen, matarsa, har Inna idan tana so ta yi alfahari a gaban baƙi. Mutum ɗaya ce a duniya ke ce masa Auta, kuma ba ta zaɓen wuri. Tana iya tsayawa a ƙasan bene ta ƙwala masa kira yana tsakiyar darasi. Ya sha roƙonta ta rufa masa asiri a gaban ɗalibai, ita kuma amsarta ɗaya ce kullum, cewa wanda ta share wa majina ba zai zame mata Injiniya ba ko da jirgin sama ya ƙera. Yakan yi dariya ya girgiza kai. Kuma gaskiyar magana yana jin daɗin abin, don duk ranar da ya shiga matsala wannan kiran yake fara nema.

Sana'arta kuwa zamani ya yi ta bin ta yana ƙwacewa. Da tafireta ta mutu ta koma kwamfuta, ta kama shago tana buga takardu da yin hoto-kwafi. Ana nan wayar hannu ta zo ta cinye wannan ma. Kowa ya zama akawun kansa. Ta haura arba'in da 'yan kai tana zaune a shago tana korar ƙuda, daga mai son kwafin katin shaida sai mai tambayar hanya. Abin da ya tunzura ta ƙarami ne. Wata rana firintarta ta ƙi jin maganar kwamfuta, ta kira wani mai gyara, ya danna nan ya danna can abu ya tashi. Ta tambaye shi me ya yi, ya ce, yana zura waya a aljihu, ai Mama ko ya yi bayani ba za ta gane ba. Wannan magana ta tsaya mata a rai har ta hana ta cin abinci. Mijinta, mai gyaran firji ne, mutum mai sanyi kamar kayan aikinsa, ya dube ta ya ce shi dai ya tausaya wa duk wanda za a huce a kansa.

Washegari ta hau benen ta zauna a bencin gaba, cikin samari da 'yan mata sa'o'in 'ya'yanta. Auta ya ɗauka wasa ne, har ya tambaye ta ko Inna ce ta aiko. Da ya ga ta zaro biro ta gyara tabarau, sai ya ce to ta riƙa zuwa kyauta, ai wurin nata ne. Ta ce ba ta taɓa cin na banza ba, ba kuma za ta fara da nasa ba. Ya ba ta aikin da za ta yi a madadin kuɗin makaranta. Haka ta zama mai haɗa wayoyin cibiyar. Kowace waya da silili takwas a cikinta, kowane da launinsa, a jera su bisa ƙa'ida a cusa cikin 'yar robar kai a matse da filaya. Samari suna ɓata goma kafin su sami ɗaya mai kyau. Ita kuwa yatsun da suka yi shekaru suna bin haruffa ba su sha wahala ba, har ta kai tana yi tana hira.

Karatun ne ya gwada mata ba sani ba sabo. Lissafin adireshi, yadda ake raba kwamfutocin ma'aikata unguwa-unguwa a ba kowace lambarta, ya juya mata kai har ta yi kuka a banɗakin cibiyar, ta wanke fuska ta dawo ta zauna. Sai an yi bayani sau uku take kamawa, amma in ta kama ta kama ke nan. Ta tattara tsofaffin kwamfutocin da aka jefar ta jera a shagonta, ta sayo wata tsohuwar na'urar raba layi ta haɗa su, ta riƙa ɓata su da gangan tana gyarawa. Ta koyi buɗe wa ma'aikaci asusu da rufe shi, ta koyi wa za a ba mabuɗin wace ƙofa, ta koyi ajiye kwafin komai tun kafin ɓacin rana. Akwai wani ɗan saƙo da kwamfuta ke aika wa 'yar'uwarta don ta ji ko tana nan. Ita sallama take kiransa. Ranar da ta fara yin sallama daga wannan kusurwa ta shago aka amsa mata daga waccan, sai da mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Abin da ya fi kama zuciyarta shi ne aikin ya dace da halinta. Duniya ce da komai ke da adireshi, kowace ƙofa da mabuɗinta, kuma duk abin da aka yi yana barin sawu. Ta kafa wa kanta doka: babu wayar da za ta fita daga hannunta ba ta liƙa mata takardar suna a kai da gindi ba, daga ina ta taso, ina ta nufa. Ɗalibai suka riƙa tsokanarta cewa Mama tana raɗa wa wayoyi suna kamar jarirai. Ta ce su yi dariyarsu, ranar da layi ya yanke suka tsaya gaban tulin wayoyi iri ɗaya za su tuna da ita.

A cikin shekararta ta biyu aka sake fasalin ɗakin jarrabawa. Ma'aikata suka ja wayoyi ta cikin silin, ita kuma ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana matse kai tana liƙa suna. Duk shuɗaye ne sai guda ɗaya ruwan toka, wadda ta bi ta saman bango ta sauka a wani ɗan sito da ke bayan ofishin Auta. Ta matse mata kai biyun tsaf, ta ciro takardar suna, ta tambaye shi me za ta rubuta. Ya ce ta bar ta haka, ta ko-ta-kwana ce, in an tashi amfani da ita a sa mata suna. Abin ya yi mata ƙaiƙayi, don ba ta son abu rabi da rabi. Amma wurin nasa ne, kuma Auta ne. Ta mayar da takardar cikin jakar kayan aiki ta wuce ta gaba.

Ba ta yi gaggawar shiga jarrabawar ba. Waɗanda suka fara tare da ita sun rubuta sun tafi, wasu ma da ta san ko waya ba su iya matsewa ba, ta yi mamaki ta ce kai, yaran yanzu akwai ƙwaƙwalwa. Ita sai da ta ji a jikinta ta shirya. Duk lokacin da ta nuna fargaba Auta yakan ce kada ta damu, ai ta ci ta gama. Ta ɗauki maganar a matsayin ƙarfafa gwiwa, har tana jin daɗi cewa malaminta ya yarda da ita.

Ranar, da safe, ta ajiye jaka da waya a akwatin bakin ƙofa, aka duba hannayenta, ta zauna ƙarƙashin kyamarar da ke kusurwa. Tambayoyin suka zo, wasu kamar tsofaffin ƙawaye, wasu da fuska a murtuke. Waɗanda ta yi shakka a kansu ta amsa iya saninta, ta sa musu alama don ta dawo ta sake dubawa. Tana gab da komawa kansu sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Ta ɗaga hannu, mai sa ido ya zo ya raɗa mata cewa layi ne ya yanke, ta yi haƙuri ta jira. Ta jira tana addu'a, gumi na bin bayanta. Da fuskar ta dawo lokaci ya kusa ƙarewa, babu damar duba komai, ta rufe ido ta miƙa. Sakamakon ya fito nan take: ta ci.

A baranda ta same shi. Ba ta iya cewa komai ba sai, "Auta, na ci." Hawaye na zuba ta ƙasan tabarau, ba ta ko share ba. Ya yi mata murna yana kallon titi. Ta ɗauka kunya ce irin ta ƙane da ya ga yayarsa tana kuka.

Mijinta ne ya sa satifiket ɗin a gilashi ya kafa ƙusa a falo, ita kuma ta bi bayansa ta daidaita shi. Ba a daɗe ba ta sami aiki a wani kamfanin rarraba magunguna, aka ba ta ɗan ɗaki mai sanyi da na'urori ke ta ƙyafta fitilu, da kati mai hotonta da za ta rataya kusa da tabarau. Manajan ya girme wa babban ɗanta da kaɗan ne, amma yana girmama ta. Ma'aikata suka sa mata Maman Layi. Idan firinta ta ƙi aiki a ofishin akanta, ita ake kira, kuma in ta gyara sai ta tsaya ta yi bayani, ko ana so ko ba a so. A duk rayuwarta ba ta taɓa samun wani abu da yake nata ita kaɗai ba sai wannan. Tafireta don ƙanne ta ɗauke ta, shago don yara ta kama shi, amma wannan takarda da kanta ta nemo wa kanta, kuma duk safiya kafin ta fita sai ta ɗaga kai ta dube ta.

Wata Litinin Manaja ya kira ta ofishinsa ya ce ta rufe ƙofa. Kamfanin na sabunta yarjejeniya da wani babban abokin ciniki, wanda ya sharɗanta a tabbatar da takardun masu kula da kwamfutoci. Ya juyo mata da fuskar kwamfutarsa. Ga sunanta, ga lambarta, a gabansu kuma an rubuta an soke. Ta ce kuskure ne, a sake buɗewa. Aka sake, bai canja ba. Manaja ya yi bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa: masu jarrabawar sun gano amsoshin da ke fitowa daga cibiyar ƙanenta suna kama da juna fiye da kima, har kurakuransu iri ɗaya. Sun janye amincewarsu, sun soke satifiket ɗin duk wanda ya rubuta a can, sun kuma hana su sake zama sai bayan wasu shekaru.

Abin takaicin shi ne, a lokacin ba kanta ta fara tunawa ba. Ta fito tana huci, ta hau mota tana tsara maganganun da za ta gaya wa waɗannan mutane da suka zauna can nesa suka ɓata wa yaronta suna. Hassada ce, ta ce a ranta, masu wasu cibiyoyin ne suka kai ƙararsa. Ta yi niyyar ta ce masa ya kwantar da hankali, ita za ta rubuta musu koke da hannunta, ai rubuta koke sana'arta ce tun yana cikin zani.

Ta tarar da benen shiru. Maigadi ya ce Injiniya ya fita amma yanzu zai dawo, ya buɗe mata. An jingine bencina a bango, an kwashe kwamfutocin ɗakin jarrabawa, wayoyi na reto daga silin kowace da sunanta da rubutun hannunta. Ta bi su da ido saboda sabo. A can ƙarshe ga mai ruwan toka, ba suna, kuma ba a naɗe take ba kamar abin da aka ajiye don ko-ta-kwana. A miƙe take, robar kanta ta goge saboda yawan cusawa da zarewa. Ta tsaya tana kallonta. Sannan ta bi ta, hannunta a bango, ta fita baranda, ta ratsa ofishinsa, ta tura ƙofar siton da kullum take a kulle, yau kuwa sai ta buɗe.

Ba sito ba ne. Teburi ne da kujera mai taushi, da fanka, da shatin ƙafar kwamfuta a kan teburin, da kwalaben ruwa a ƙasa. Ɗaya kan wayar na kwance a wurin. Ta ɗauka ta juya shi. Ta san matsinta kamar yadda mutum ya san sa hannunsa: rigar wayar ta shige ciki daidai, silili a jere ba wanda ya fi wani tsawo. Babu wanda ya yi mata bayani, kuma ba ta buƙata. Mai zama a wannan kujera zai ga fuskar kowace kwamfuta a ɗakin jarrabawa, zai iya duhunta ta, zai iya sa hannu a ciki. Da a ce shekaru uku da suka wuce ne, da ta ga waya kawai ta wuce abinta. Ilimin da ya koya mata da bakinsa shi ne ya tona shi.

A haka ya same ta. Ya tsaya a bakin ƙofa da mabuɗin mota a hannu, bai yi sallama ba. Sai ya fara magana, da yawa, da sauri, shi da bai gaji surutu ba. Ya ce kowa haka yake yi, ya ce ɗalibai ne ke matsa masa, in bai yi ba su koma wani wuri, ya kawo maganar haya da albashin malamai. Ta bar shi har ya ƙare. Duk wannan za ta iya yi masa faɗa a kai wata rana, ta ja masa kunne kamar da. Abu ɗaya ne ya kawo zuciyarta wuya.

"Tawa jarrabawar fa?" ta ce. "Ranar da fuskar ta yi duhu."

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, tsoro na ji kada ki faɗi. Kin sha wahala a kaina. Na ga ba zan iya kallonki kin fito da kuka ba."

"Na roƙe ka?"

Ta dafa kujerar, sai ta tuna ko ta waye ce, ta janye hannunta. Ta tattaro abin da ya rage mata na ƙarfi ta yi tambayar da ta fi komai.

"Waɗanda na sa wa alama. Da ka buɗe, daidai na amsa ko kuskure na yi? Gaya mini gaskiya, zan iya ɗauka."

"Ban duba ba, Yaya. Lokaci ya ƙure. Na dai bi na sa amsoshin da ke hannuna."

Wannan ce ta kashe ta. Da ya ce ta faɗi, da ta koma gida ta yi kukanta ta sake buɗe littafi, don ta saba da faɗuwa ta tashi. Da ya ce ta ci, da ta riƙe wannan a zuciyarta ko duniya duka ta soke takardar. Amma bai duba ba. Shekara biyu tana zaune a gabansa a bencin gaba, ya ga kukanta, ya ga kwamfutocin shagonta, ya ji tambayoyinta, kuma a ranar da za a san ko ita wace ce bai ga ta kai ya ɗaga ido ya karanta abin da ta rubuta ba. Ya goge amsarta ya sa tasa. Yanzu babu mahaluƙi a bayan ƙasa da ya san ko ta ci, har ita kanta. Mai gyaran firinta ya ce ba za ta gane ba, amma shi baƙo ne, kuma a fuskarta ya faɗa. Wannan a bayanta ya girma.

Ba ta yi ihu ba, ita da ake ji daga ƙasan bene. Ta buɗe jakar kayan aiki, ta ga takardar sunan nan har yanzu fara fat a lungu, ta ture ta gefe ta ɗauko filaya. Ta datse kan wayar, ta koma ɗakin jarrabawa ta datse ɗayan, ta jefa su a jaka. Aikinta ne, ba za ta bar shi a nan ba. Yana biye da ita yana Yaya, Yaya, har ƙasan bene, ba ta waiwaya ba.

Manaja ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya ce shi ya ga aikinta da idonsa, amma yarjejeniya ba ta san ido ba. Ya bar ta ta ƙarasa wata, ta miƙa mabuɗai da kalmomin sirri ga wanda zai gaje ta, ta zagaya da shi ɗakin sanyi tana nuna masa sunan kowace waya. Ta koma shagonta. Mijinta ya sauke gilashin daga bango ba tare da ta ce ya yi ba, ya sa shi bayan kabad, amma ya bar ƙusar.

Abin da ya ƙara mata ciwo shi ne yadda dangi suka ɗauki maganar. Ƙannenta suka yi ta kira ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yarda Injiniya ya yi kuskure a harkar cibiya, amma a nata, ai gata ya yi mata. Wata ma ta ce ita da za ta sami ƙanen da zai taimake ta haka da ta gode Allah; rashin sa'a ne kawai da aka gano. Tafireta ta yi ta neman kalmar da za ta fahimtar da su, mace mai baki kamar ita, ba ta samu ba. Daga baya ta daina nema. Mijinta ne kaɗai bai taɓa cewa ta yi haƙuri ba. Ya dai ɗauko wata tsohuwar fanka ya gyara ya kai mata shago, ya ce kwamfutocin nan suna zafi.

Don ba ta daina ba. Kullum da safe kafin masu kwafi su fara zuwa tana kunna tsofaffin na'urorinta, ta ɓata, ta gyara, ta yi sallama a amsa mata. Tana yin jarrabawar gwaji tana cinyewa, amma ta san wannan ba ya shaidar komai game da waccan ranar. Lokacin da haramcin zai ƙare ta haura hamsin, kuma an ce tambayoyin ma za su canja. Ta ce su canja. Za ta je wani gari inda babu wanda ya san ta, inda babu mai ƙaunarta, ta zauna ta rubuta.

Inna ce ta gaji da abin ta aiko a kira ta. Ta ce ba za ta mutu ta bar 'ya'yanta ba sa ga maciji ba, ko ba komai ita ta goya shi. Tafireta ba ta taɓa ƙin kiran Inna ba, don haka ta je da yamma bayan ta rufe shago. Ta same shi a ɗakin, ya rame, ya durƙusa kusa da ƙofa kamar lokacin da yake yaro in ya fasa wani abu. Inna ta yi nasiharta mai tsawo, ta ce jini ɗaya ne, ta ce da kyakkyawar niyya ya yi. Tafireta ta saurara har ƙarshe, ta ce ta ji, kuma ba ta riƙe kowa da gaba ba. Fuskar Inna ta saki. Shi kuma ya matso kaɗan, ya ce, "Yaya, ina wuni."

Ta gyara tabarau ta dube shi sosai, ba fushi a fuskarta.

"Lafiya lau, Injiniya," ta ce. "Ya iyali?"

Inna ta ce madalla, haka ake so, ta shiga laluben carbinta. Shi kaɗai ne ya ji abin da aka ce. Ya ɗago kai ya dube ta, ya zauna daɓas a kan tabarma. Ita kuwa ta miƙe ta daidaita labulen Inna da ya karkace, ta yi musu sai da safe, ta ɗauki jakar kayan aikinta ta fita.